Kifina na tafkin Tanganyika ya ƙi fitowa daga cikin duwatsu

Assalamu alaikum. Makonni uku ke nan da na sayo kifi ɗaya nau'in Altolamprologus calvus, wanda asalinsa mazaunin duwatsun gaɓar tafkin Tanganyika ne, kuma tun daga ranar ya shige wani tsagi tsakanin duwatsu biyu, ba na ganin komai sai bakinsa da idonsa ɗaya. Na san jinsin yana da tsoro, amma cikinsa ya fara shafewa, abin da ya tayar mini da hankali ke nan.

Tankin na ɗaukar lita 120, zafin ruwan digiri 26 ne, pH (ma'aunin tsamin ruwa) kuwa 8.2, kuma gwaji bai nuna ammoniya ba. Na rage hasken fitila, na ƙara duwatsu, na rufe bayan gilashin da baƙar takarda, na kuma daina ba shi busasshen abinci na koma ƙananan jatan lande daskararru, ina zubawa dab da bakin ramin bayan magariba. Duk da haka, wasu kifaye biyu nau'in Julidochromis da ke tare da shi su ke riga shi cinyewa, kuma sau biyu na ga babba daga cikinsu ya kore shi da ya leƙo. Da na sauya tsarin duwatsun don in rushe iyakokin da Julidochromis ɗin suka kafa wa kansu, sai ya ƙara ɓuya.

Shin in fitar da Julidochromis ɗin zuwa wani tanki har sai ya fara cin abinci, ko kuwa kaɗaici zai ƙara masa tsoro? Na gode.