Keken sassarfa: neman sunan Hausa ga wani injin motsa jiki

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kishin harshe. Na kawo muku wata kalma da ta hana ni sakat tun makon jiya, wato sunan abin motsa jikin nan da Turawa suke kira elliptical trainer, wanda mutum yake hawa a tsaye, ya ɗora ƙafafunsa a kan matakai biyu masu faɗi, ya riƙe dogayen sanduna biyu da suke kai da komo tare da hannuwansa.

Gwaggona da ke Tudun Wadan Zariya ce take fama da ciwon gwiwa, likita ya ba ta shawarar motsa jikin da ba ya jijjiga gaɓoɓi, aka ɗora mini nauyin nemo abin da za a ajiye mata a gida. Da na kira ta daga wani shago a Sabon Gari sai na rasa bakin bayani, na ce, "Gwaggo, ba keke ba ne, kuma ba injin gudu ba ne." Ta ce, "To ɗan nan, gaya mini ko mene ne, ka bar lissafa mini abin da ba shi ba."

Sunan Turancin ya samo asali ne daga da'irar da ta yi tsawo kamar ƙwai, domin irin wannan zagaye ƙafar mai hawa take yi, gaba da ƙasa, baya da sama. Kamfanin Precor na Amurka ne ya fito da shi kasuwa a 1995, kuma tun daga lokacin sunan ya bi shi. Saboda haka wani malami da muka tattauna da shi a Samaru ya kawo shawarar a ce injin siffar ƙwai. Ban gamsu ba, domin injin kansa ba shi da siffar ƙwai, sawun ƙafa ne yake da ita. Ban da haka, a garin da cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta samar da kajin nan masu ƙwai da ake kira Shika Brown, duk wanda ya ji an haɗa inji da ƙwai, na ƙyanƙyasa zai fara zuwa masa a rai.

Akwai masu ganin a aro kalmar kawai a ce iliftikal, kamar yadda aka aro mota da intanet. Ba na ƙyamar aro, amma wannan kalma tana da nauyi a baki, kuma ko a Turancin siffa ce aka mayar suna, ba ta gaya wa mai saye komai. Keken tsaye ma an ambata, sai dai ya yi karo da keken motsa jikin da ake zama a kan sirdinsa, wanda shi ma a tsaye yake wuri ɗaya. Injin tattaki kuwa ya fi dacewa da wanda ake tafiya a kan bel mai gudana, inda ƙafa take ɗagawa ta sauko da nauyin jiki duka, alhali wannan saukowar ce aka ce Gwaggo ta rage.

Abin da na tsayar shi ne keken sassarfa. Bahaushe ya daɗe da faɗaɗa ma'anar keke, shi ya sa muke da keken ɗinki da keken rubutu da keken guragu, duk abubuwan da ƙarfin ɗan Adam yake tafiyar da su. Wannan ma haka yake, domin ƙafa da hannu ne suke juya wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke gabansa ko bayansa, kuma da yawa daga cikinsu ba sa bukatar wutar lantarki sai batirin da zai kunna allon lissafi. Sassarfa kuma ita ce tafiyar da ta wuce taku amma ba ta kai gudu ba, irin wadda maza suke yi a wani yanki tsakanin Safa da Marwa, kuma duk wanda ya kalli mai hawa daga nesa ita zai gani. Na san za a ce mai sassarfa yana ɗaga ƙafa daga ƙasa, amma kalmar keke ta riga ta toshe wannan kafa, tunda kowa ya san ƙafar mai keke ba ta rabuwa da feda.

Abin da ya ƙara mini natsuwa shi ne sunan ya zame mini ma'auni a wajen saye. Ƙanana masu araha sukan zo da gajeren taku, inci 12 zuwa 14, wanda yake sa mutum ya riƙa tsalle-tsalle a wuri ɗaya kamar mai kirɓa ƙasar gini. Baligi mai matsakaicin tsawo yana bukatar inci 18 zuwa 20, wato kusan santimita 46 zuwa 51, kafin takunsa ya miƙe ya zama sassarfa ta gaskiya. Don haka a hau a gwada na 'yan mintoci kafin a biya kuɗi, musamman idan na hannu ne, a saurari ƙara, a ji ko yana girgiɗi. Wanda maganaɗisu yake ƙara masa tauri ya fi wanda ake matse faifansa da ƙyalle shiru da daɗewa. A duba iyakar nauyin da aka rubuta a jikinsa, a kuma auna ɗaki har sama, domin matakan suna ɗaga mutum, kuma fankar silin ba ta san baƙo ba. Wanda tayoyinsa suke bin dogo yana son yawan shafewa a lokacin hunturu, saboda ƙurar Zariya tana cin su da sauri, kuma wanda dole sai an jona shi da wuta zai iya zama maratayar kaya a unguwar da wuta ba ta zama.

Da na sake kiran Gwaggo na ce mata keken sassarfa ne, ba ta nemi ƙarin bayani ba, tambayarta ɗaya ita ce ko zai shiga ta ƙofar ɗakinta. Jam'insa kekunan sassarfa ne, mai sirdi ya ci gaba da zama keken motsa jiki, mai bel kuma injin gudu. Saura in ji daga mutanen Sakkwato da Katsina da Damagaram, ko sassarfa a bakinsu tana nufin abin da take nufi a Zazzau.