Layin Ruwa a Bangon Gwange: A Goge Ko A Bari?

Malam Bukar: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan la'asar na bi ta tsohon layinmu a unguwar Gwange, nan Maiduguri, na ga abin da ɗanmu Abba ya zana a bangon gidan mahaifinsa. Ga wanda bai gani ba: ya ja shuɗin layi tun daga bakin ƙofa har kusurwar bango, daidai inda ruwan ambaliya ya tsaya ranar Talata 10 ga Satumba 2024, ya rubuta kwanan watan a samansa. Ƙarƙashin layin ya zana mace, ruwa ya kai mata wuya, ta ɗaga robar wanki a ka, da jariri a ciki. Yaron yana da hannu, wannan ban musa ba. Amma ra'ayina shi ne a goge. Garin da ke jinya ba ya bukatar a riƙa fama masa miki kullum safiya. Abin da ɓallewar dam ɗin Alau ta yi mana Allah ne ya ƙaddara, mun karɓa, mun binne namu, mun kwashe laka. Abin da matattu ke bukata addu'a ce, masu rai kuma abinci da rufin ɗaki. Zane da waƙa a kan musiba ba sa cikin biyun nan.

Usman: Wa alaikumus salam. Baba ka riga ni ne kawai. Ni wani abu ma ya fi damuna. Shagona ya ƙone a gobarar Monday Market ta Fabrairun 2023, na ci bashi na sake tashi, ruwa ya zo ya jiƙa atamfofin da ko kuɗinsu ban gama biya ba. Tun daga lokacin nake ganin masu fararen motoci suna zuwa su ɗauki hoton hawayenmu su tafi. Irin zanen nan shi suke so. Gobe za ka gan shi a bangon wani rahoto, wani ya samu kwangila da shi, mu kuma muna nan jiya i yau. Kuɗin fentin da ya sayi bulo ko da goma ne, da ya fi.

Abba: Allah ya ƙara girma Baba. Yaya Usman, ban sayi fenti ba, ragowar na allunan shaguna ne da nake rubutawa, kuma ba wanda ya ba ni ko sisi. Bari in faɗi abin da ya sa. Da muka dawo daga sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi, mun tarar da alamar ruwa a bango, wani layi mai ruwan ƙasa, sama da kaina da kusan kamu ɗaya. Da rani ya yi sai na ga yana dusashewa. Maƙwabta suka yi yaɓe, suka yi fenti, layin ya ɓace gida bayan gida. Sai na tuna mahaifina ya sha ba mu labarin ambaliyar 1994, amma da na tambaye shi ina ruwan ya tsaya a lokacin, sai ya nuna gwiwa, wani kawuna ya nuna ƙirji, suka yi ta gardama. Shekara talatin kacal, ba wanda ya riƙe gaskiyar abin. Shi ya sa daren da aka ce ruwa na tafe, da yawanmu muka ce ai ba zai wuce dokin ƙofa ba, muka ɗora katifu kan gado muka kwanta. Ban so ƙannena su yi irin wannan kwanciyar. Matar kuwa ban ƙirƙire ta ba. Da idona na gan ta daga kan rufin masallaci, ban san sunanta ba, ban san ko ta kai tudu ba. Watanni ina ganinta in na rufe ido. Ranar da na gama zana ta, ranar na fara barci har asuba.

Malam Bukar: Ɗana, ka samu barci, alhamdu lillahi. Amma bango na kan hanya ne, ba cikin ɗakinka yake ba. Maganin da ka sha, kowa ka ɗura wa.

Goni Mustapha: Bari in raba maganar gida biyu, don na ga ana haɗa su. Na farko, baƙin ciki. Kada wani ya ce nuna shi rashin tawakkali ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da marin fuska. Marsiyya kuwa malamanmu sun yi ta. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta yi wa ɗan uwanta Muhammadu Bello waƙar ta'aziyya bayan rasuwarsa a 1837, ba wanda ya ce ta fama wa Sakkwato ciwo. Na biyu, surar mai rai. Nan akwai magana, hadisai sun yi tsanani a kai, ko da yake malamai sun saɓa tsakanin mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shafe a bango ko takarda. Ni in an tambaye ni, layi da kwanan wata ba su da aibu ko kaɗan, matar ce zan so a duba.

Yagana: Allah ya gafarta Malam, na gode da wannan bayani. Baba Bukar, ka yi mini haƙuri, ni 'yarka ce amma ban yarda da kai ba. Ina aikin jinya, kuma har yau in hadari ya haɗu ana kawo mana mata da ciwon kai da bugun zuciya, a auna a ga ba zazzaɓi ba komai. In ka zauna da su minti goma sai maganar ruwa ta fito. Akwai yaran da ko an buɗe famfo da ƙarfi sai su ruga. Waɗannan ba zane ne ya fama musu ba, shirun ne ke cin su, don duk wanda ya buɗe baki sai a ce yi haƙuri, ƙaddara ce.

Kuma wallahi na gaji da kalmar nan ta juriya. Shekara goma sha biyar ana ce mana mutanen Maiduguri akwai juriya. Bom ya tashi, juriya. Kasuwa ta ƙone, juriya. Ruwa ya shiga asibitin koyarwa, ya shiga fadar Shehu, ya rusa katangar gidan yari har fursunoni 281 suka fice, ya kashe mafi yawan dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi, kada da macizai suka bazu cikin unguwanni, mutum sama da dubu 400 suka bar gidajensu, kwalara ta biyo baya a watan Oktoba, aka sake cewa juriya. Yabo ne, na sani, amma yabon da ke sa a daina tambaya. Dam ɗin nan tun 1986 yake, ya taɓa yi mana a 1994, mutum ne ya gina shi, mutum ne aka ɗora wa kula da shi. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta hana a tambayi wanda aka ba amana. A Fabrairun 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina shi. To wa zai riƙa bibiya in duk mun shafe bangonmu mun manta? Duk ɗan siyasar da ya shigo layin nan neman ƙuri'a, ina so ya ɗaga kai ya ga inda ruwa ya kai.

Usman: Yagana, ɗan siyasa ba ya tsoron fenti. Zai tsaya gaban zanen ma ya ɗauki hoto.

Yagana: Ya ɗauka. Kwanan watan zai fito a bayansa.

Hajiya Falmata: Ina karanta ku tun ɗazu, hannuna na cikin aiki ne. Malam Bukar, ka ce masu rai abinci suke bukata, zane ba ya cikin lissafi. To ni da zane nake ci. A 2014 muka baro Bama da ƙafa, ni da 'ya'ya huɗu, ba abin da na fito da shi sai abin da hannuna ya iya, wato ɗinkin hula. A sansani na zauna da allura da zare, hula ɗaya ta ɗauke ni mako uku, wani lokaci wata guda in aikin mai cika ne. Da ita na kama haya, da ita na aurar da ta fari. Kafin ruwan nan mata goma sha ɗaya ke karɓar yadi da zare a wurina. Ruwa ya tafi da huluna fiye da arba'in da ba a gama ba, waɗanda na tsinta a laka kuma launin zaren ya zuba, ja ya shiga fari, ko mai wankin hula ya ce ba za su gyaru ba.

Abin da nake so ku ji shi ne wannan. Cikin matan akwai wata yarinya da ta rasa mahaifiyarta a ruwan. Kwana arba'in ba ta magana, in an ba ta abinci ta ci, in ba a ba ta ba shi ke nan. Na kai mata yadi na ajiye ban ce komai ba. Bayan kwana biyu na tarar ta zana nata da biro, ba irin zanen da muka saba ba, wasu layuka masu lanƙwasa a gindin hular kamar igiyar ruwa, sama kuma ƙananan gidaje. Tana ɗinki tana ba ni labarin daren, yadda hannun uwar ya suɓuce daga nata wajen gadar Gwange. Ranar ta fara kuka. Hular nan ba ta sayar ba, yayanta ke sawa ran Juma'a. To a ce mini wannan ba amfani ba ne?

Kuma iyayenmu ba su ɓoye musiba. Yunwar 1914 suna suka ba ta, Kakalaba, don jikoki su ji su tanadi hatsi. Mu da me za mu bar wa namu?

Malam Bukar: Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifiyarta. Labarinki ya taɓa ni, amma ki lura, hula a kan mai ita take, in ya so ya cire ya sa a aljihu. Ban so in faɗi wannan ba, sai dai kun matsa. Gidan da ke kallon bangon nan, kun san matar da ke ciki, kun san ɗanta na goye ruwa ya ƙwace a hannunta, kwana uku kafin a same shi. Mai ɗakina ce ta gaya mini tun da aka yi zanen ta daina fita ta ƙofar gaba. In za ta ɗebo ruwa sai ta zaga ta lungun baya, ta wajen kwata. Yagana, wane ɗan siyasa ne ya kai a sa wannan baiwar Allah zagaye saboda shi? Ita ba ta bukatar a tuna mata inda ruwa ya kai.

Abba: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, wallahi ban sani ba. Na san ta yi rashi, amma ban san ta daina bin ƙofar ba. Ina fenti tana wucewa muna gaisawa, ban taɓa tunanin in tambaye ta ba. Laifina ne wannan.

Yagana: Ni ma ban sani ba, kuma ya yi mini nauyi. Amma Baba, har yanzu muna magana ne a madadinta. Wa ya ji daga bakinta cewa a goge take so?

Goni Mustapha: Wannan tambaya ce mai kyau. Haƙƙin maƙwabci na gaba da ra'ayinmu duka. A je a ji, amma kada maza su je, kada kuma a tafi da yawa.

Hajiya Falmata: Ni zan je bayan magariba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Usman: Allah ya ba da lada Hajiya. Ni dai ina kan bakana game da masu ɗaukar hoto. Abba, in wani baƙo ya zo zai ɗauka, ka tambaye shi ina zai kai.

Hajiya Falmata: Na dawo. Mun daɗe, yawanci shiru muka yi. Da na kawo maganar, ta ce ba ta jin haushin Abba, yaron kirki ne, shi ya taya su kwashe laka. Ta ce robar ce ba ta iya kallo, don ita ma ta yi tunanin sa ɗanta a roba a daren, sai ta ga goyo ya fi, ta ɗaure shi da zani biyu. Kullum ta ga zanen sai ta ce da ta sa shi a robar. Na tambaye ta layin fa? Ba ta amsa ba, ta kama hannuna ta shigar da ni ɗakinta, ta haska bango da fitilar waya. Mijinta ya yi wa ɗakin fenti duka, amma akwai wuri kamar faɗin tafin hannu biyu kusa da taga da ta hana a taɓa. Alamar ruwan na nan yadda take, har da ɗan ciyayin da ya manne.

Abba: Mama na gode. Gobe in Allah ya kai mu bayan sallar asuba zan rufe matar da robar, kafin a fara fitowa ɗibar ruwa. Layin da kwanan watan zan bar su.

Yagana: Ba zan hana ka ba, haƙƙinta ya fi. Amma raina bai so ba, don layi kaɗai ba ya nuna cewa mutane ne a ƙarƙashinsa. Ka sake zana ta a kan katako ko yadi ka ajiye, kada ta ɓace gaba ɗaya. Akwai ranar da za a nema.

Malam Bukar: Ni ko layin ma da son samu ne a shafe, shekaruna sun sa ina son ido ya huta. Amma tunda mai rashin ta bar nata, ba ni da bakin magana a kan naka. Ka gaida mahaifinka.

Usman: Abba, akwai rabin galan na farin fenti da ya rage mini a shago. Ka biyo ta gida yau da dare ka karɓi makulli.