Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki: wai wane ne raƙumin?

Baƙon Italiya: Salamu alaikum jama'a. Gardama ce ta kawo ni. Ranar Juma'a a masallacinmu na Brescia, malamin da ya yi mana nasiha ya kawo labarin wata tsohuwa mai shekara 75 a garin Pavia, wadda a 2023 ta maka 'ya'yanta maza biyu a kotu, ɗaya shekararsa 40 ɗaya 42, don sun ƙi barin gidanta. Kowanne yana da aiki, amma ba mai ba da ko sisin cefane, ba mai kawar da tsinke. Kotu ta ba ta gaskiya, ta ce su tattara komatsansu. Sai malam ya ce, girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki. Muna fitowa wani ɗan'uwa daga Kumasi ya ce malam ya ajiye maganar a inda ba mazauninta ba. Muka yi ta ja har bas ta wuce mu. Abin ya tsaya mini a rai ne don ina aiki da wani mai shekara 38, kullum uwarsa ke ɗaure masa abincin rana, ita ke goge masa riga, albashinsa kuwa yana ƙarewa a wasan bidiyo da 'yan mutum-mutumin roba da yake jerawa a ɗaki. Mutumin kirki ne wallahi, shi ya sa nake jin zafin abin.

Na Damagaram: Wa alaikumus salam. Ɗan Kumasi ya fi gaskiya. Raƙumin nan bai koma ɗan tsako ba, yana nan da tozonsa. Ruwan kasko ba zai jiƙa masa ko maƙoshi ba, amma ya hana masu shi. Maganar ƙwace ce da mutuwar zuciya, ba maganar yarinta ba.

Maman Ilham: To Malam, ai ka ba liman gaskiya ba ka sani ba. Fanshon tsohuwar nan ba shi ne ruwan kaskon ba?

Na Damagaram: Hajiya, uwa ce za ta zama ɗan tsako? Kaza ce ai.

Injiniya Ohio: Ku yi wa mutanen nan adalci. A 1960 namiji a Amurka yakan yi auren fari wajen shekara 23, mace 20. Yanzu namiji ya kai 30, mace 28. A tsakiyar 2020, lokacin korona, cibiyar bincike ta Pew ta ce kashi 52 cikin ɗari na masu shekara 18 zuwa 29 a Amurka suna zaune da iyayensu. Amma ku tambayi kuɗin haya, ku tambayi bashin jami'a da yaro ke fitowa da shi a wuya kafin ya karɓi albashin fari. Dokar lafiya ta 2010 ma da kanta ta yarda ɗa ya zauna a inshorar iyayensa har shekara 26. Wanda haya ta koro gida ba raƙumi ba ne, ɗan tsako ne da ruwa ya doka.

Baƙon Italiya: Injiniya, na yarda da batun haya. To 'yan mutum-mutumin fa? Su ma haya ce?

Injiniya Ohio: Nan kam ba ni da bakin karewa. Kamfanin Lego yana buga 18+ a kwalayen wasu kayan wasansa, kuma a 2022 McDonald's ya fito da kwalin abincin yara na manya, har da abin wasa a ciki, masu gemu suka yi ta layi.

Ɗalibar Helsinki: Kuma ba duk Turai ce ɗaya ba. A nan Finlan yaro na barin gida wajen shekara 21, don gwamnati na tallafa wa ɗalibi da kuɗin karatu da na haya. A Italiya sai wajen 30, Kuroshiya ta haura haka. Wani ministan kuɗin Italiya, Padoa-Schioppa, a 2007 ya kira su bamboccioni, wato ƙattin jarirai, aka yi masa ca.

Sarkin Shayi: Ku bar Turawa su huta. Namu raƙuman sun shanye ruwan, sun taka kaskon, sannan suka hau rediyo suna cewa 'yan tsaki su ƙara haƙuri.

Na Damagaram: Har da ɗora ɗansu mai shekara 45 a kujerar shugaban matasa!

Sarkin Shayi: Shi ma da direba da mai riƙe masa waya.

Hajiya Yalwa: Ku tsaya ku ji na kakata, Allah ya jiƙanta. Muna ce mata Inna. Tana da auta, kawuna, wanda ya haura talatin da biyar bai ajiye iyali ba, bai riƙe sana'a ba, daga dara a gindin ɗurumi sai barci. Kowace safiya Inna takan dama mana koko mu jikoki bakwai a ƙwarya guda, ta rufe da faifai. Kafin mu dawo daga makarantar allo Kawu ya ɗaga faifan ya rage rabi. Ba ta taɓa yi masa faɗa ba. Ran nan da hantsi, gida cike da mata ana surfe, ya shigo yana hamma. Inna ta miƙe, ta kwance zanen goyo daga igiya, ta kakkaɓe shi, ta juya masa baya ta durƙusa, ta ce, "Zo hau, Auta. Tunda kokon yara kake sha, goyo ya rage." Tsakar gidan ta yi tsit, har taɓarya ta tsaya a sama. Ina tsaye riƙe da allona, na ga gumi ya karyo masa. Bai ce uffan ba. Washegari kafin asuba ya hau motar Legas. Shekara shida ba mu gan shi ba.

Maman Ilham: Allahu akbar. Tsofaffin da ba su da kotu, amma suna da hukunci.

Hajiya Yalwa: Ki bari in ƙarasa, 'yar'uwa. A shekara shidan nan kullum sai Inna ta ɗebi koko a ƙaramin ƙoƙo ta ajiye a bakin ɗakinsa, sai rana ta take ta ba mu. Na sha kama ta tana share hawaye da bakin mayafi. Da ya dawo da mata da ɗa da buhun goro, ta rungume jikan, ta ce da ta san zai daɗe haka da ta bar shi ya shanye ƙwaryar duka.

Baƙon Italiya: Hajiya kin taɓa ni. Uwar abokin aikina ita ma na ji ta da kunnena tana cewa in ya tafi da wa za ta ci abinci.

Injiniya Ohio: Ke nan wani lokacin kazar ce ke kiran raƙumin.

Na Damagaram: Har yanzu ban yarda ba. Na Hajiya wata magana ce daban, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maman Ilham: A talatin da biyar ne ɗanye, Malam?

Sarkin Shayi: A tura Nalako Italiya da azumi kawai, ya ɗaure gwagwaren nan da igiya a zaga gari da su. In ya gama ya biya ta majalisa.

Ɗalibar Helsinki: Nalako gwauraye yake kamawa, waɗannan tuzurai ne.

Na Damagaram: Wannan ma wata gardamar ce. Hajiya Yalwa, shi Kawun yana raye? Goron ya ci gaba da saye ko ya koma gindin ɗurumi?