Ina so in riƙa karatu da yaran firamare a unguwarmu, ta ina zan fara?

Mai Ritaya, Gusau:
Assalamu alaikum. Na ajiye aikin gwamnati, kuma ina ganin yaran maƙwabta da suka kai aji huɗu ba sa iya haɗa baƙi da wasali, shi ya sa nake son in sadaukar da safiyar Talata da Alhamis domin karatu da su a makarantar unguwarmu, ba tare da an biya ni ba. Sai dai ban taɓa koyarwa ba. Wa zan fara tuntuɓa, kuma me zan yi idan aka ba ni yaran?

Tsohon Hedimasta, Kaura Namoda:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ki fara da hedimasta, shi zai gabatar da ke ga kwamitin SBMC, wato kwamitin iyaye da al'umma mai kula da makarantar, sannan ya sanar da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, domin kada a wayi gari wani ya ce ba a san da zamanki ba. Ki tambaye shi ko akwai sauran littattafan Hausa na shirin RANA, wanda UNICEF ta kawo Zamfara da Katsina domin 'yan aji ɗaya zuwa uku. Kada kuma ki yarda a sakar miki aji guda don malami ya samu hutu. Yara shida ko takwas sun ishe ki.

Malamar Aji Biyu, Talata Mafara:
Hajiya, abin da ya fi ruɗin sabon shiga shi ne karatun amshi. Za ki ji aji ya ɗauka baki ɗaya kamar kowa ya iya, amma da kin rufe hoton shafin da tafin hannunki, kika ɗora yatsa a kan kalma guda kika kira yaro ɗaya, sai ki ga yana kallon bakinki yana jiran ki fara. Saboda haka ki gwada su ɗaya bayan ɗaya tun ranar farko, ki raba su bisa abin da suka iya ba bisa ajinsu ba, kamar yadda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta tsara: masu neman sanin haruffa daban, masu haɗa gaɓa irin ba, bi, bu daban, masu karanta jimla daban. Ki ba ɓ, ɗ da ƙ lokacinsu, domin a nan da yawa suke tuntuɓe. Idan yaro ya tsaya, ki ɗan yi shiru ya gwada da kansa, wanda a ganina shi ne mafi wuyar aikin ga babba mai tausayi. Bulala kuwa ba ta da wuri a wannan zama.

Uban Ɗalibai, Argungu:
Ina tare da Malama, sai dai ki shirya wa iyayen da za su ce Turanci suke so. Ki nuna musu cewa yaron da ya iya karanta harshen da yake ji ya fi saurin kama wani. Ki kuma duba ranar kasuwa da lokacin girbi kafin ki tsayar da ranakunki, domin a nan wajenmu idan aka shiga yankan shinkafa aji kan rame.

Mai Ritaya, Gusau:
Na gode ƙwarai. Zan ga hedimasta ranar Litinin in Allah ya yarda. Malama, idan littattafan ba su samu ba, ko zan iya rubuta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a kwali da manyan haruffa in fara da ita?