Fansa, ceto ko kuɓutarwa: wanne ne wanne?

Jama'a ku taimaka min, jiya Lahadi ni na yi wa baƙon mai wa'azi tafinta a majami'armu, mutumin ya ce redemption na ce fansa, ya ce salvation na ce ceto, sai ya jefo deliverance, na tsaya cak kamar an ɗauke wuta, daga ƙarshe na sake cewa ceto. Bayan an tashi wata Mama daga zumuntar mata ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, ɗana, yau ceto biyu ka ba mu, wanne za mu kai gida?

Ita fansa ba ni da matsala da ita. Bahaushe ya san fansa akwai biya a ciki. Ka jinginar da gona ka dawo ka fanshe ta, bawa a da yana fansar kansa daga hannun ubangidansa, yau kuma ba wanda bai san kuɗin fansa ba, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Haka Markus 10:45 ta ce Ɗan Mutum, wato Yesu, ya zo ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa, 1 Bitrus 1:18-19 kuma ta ce ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba, da jinin Almasihu ne. Kai ko Bo'aza a Rut sura 4, da ya zauna a ƙofar gari da dattawa 10 aka tuɓe takalmi alamar an ƙulla ciniki, fansar gonar dangi ya yi. Kalmar fansa ta zauna daram.

Wani ɗan'uwa ya rubuto min cewa shi fansa tana ba shi tsoro saboda ɗaukar fansa. Gaskiya ne yara sun fi jin ta a wannan ma'anar, amma ai ɗauka daban biya daban, ba za mu yar da kalmar da ke cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa tun 1932 don wannan ba.

To deliverance ɗin fa. Ni dai kuɓutarwa nake gani. Isra'ilawa a hannun Fir'auna, Daniyel a kogon zakoki, Bitrus da mala'ika ya tashe shi a kurkuku sarƙoƙi suka zube, ba wanda ya biya ko anini, an fizge su ne daga hannun da ya fi ƙarfinsu.

Baba Fasto ya kawo gyara, na kuwa karɓa da hannu biyu: ya ce a addu'ar Ubangiji ai "ka cece mu daga Mugun" muke cewa, kuma Turancin wurin deliver ne. Haka ne Baba, shi ya sa ceto ta zama uwa, tana ɗauke da salvation da deliverance duka biyun, amma in mai wa'azi ya jero su uku a numfashi ɗaya dole kowace ta sami kujerarta.

Masu cewa a bar ta dilibarans kawai, a'a. Kakata ba za ta gane ba. In taron korar aljanu ake nufi a ce addu'ar kuɓutarwa, ko a fito fili a ce fitar da aljanu. 'Yantarwa da wani ya kawo ma ba laifi, sai dai ni tana min ƙamshin siyasa.

Lahadi mai zuwa kuɓutarwa zan ce, mu ji abin da Mama za ta faɗa a bakin ƙofa.