Shawarwarin masu lambu kan bishiyar magnoliya a Ingila

Masu lambun da suka tattauna kan magnoliya mai fararen furanni, wadda asalinta kudu maso gabashin Amurka ne, sun amince a dasa ta a jikin bangon da ke fuskantar kudu, inda tubali ke riƙe zafin rana kuma iskar hunturu ba ta dukanta. Saiwoyinta masu taushi ne kuma ba sa nisa, don haka ba a haƙa kusa da gindinta, sai dai a lulluɓe shi da ruɓaɓɓen ganye. Shawarar da ta fi kwanta mini ita ce a sayi dashen da aka yi wa aure, domin wadda aka shuka daga iri takan haura shekara 10 kafin a shaƙi ƙamshin furenta mai kama da na lemon tsami.