"Ba a fafe gora ranar tafiya": wa aka faɗa wa, mai jirgi ko mai gaggawa?

Mai Buroshi: Salamu alaikum jama'a. Jiya cacar baki ta kaure tsakanin mutum biyu a wajen wasan yaƙi na kan tebur. Ɗaya ya zo da ƙaramin samfurin roba na Arado Ar 196 na ma'aunin 1/72 (an rage girmansa sau 72), jirgin saman Jamus mai sauka kan ruwa, irin wanda jirgin ruwan yaƙi Bismarck ke ɗauke da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Ana gobe wasan da dare ya fente shi, yana ɗagawa sai ga zanen yatsa a fiffike. Ɗayan ya ce masa ba a fafe gora ranar tafiya. Shi kuma ya ce maganar ba ta hau kansa ba, ai gorarsa ta fafu, ga ta a tebur. Wa ke da gaskiya?

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Ta hau kansa ɗaram. Fentin akirilik yana bushewa a ido cikin minti 20 zuwa 30, amma bai ƙanƙame ba sai ya kwana. Na mai kuwa, wato enamel, a ba shi awa 24 ko fiye. Kuma Arado ba launi ɗaya ba ne: kore biyu ne a sama, RLM 72 da 73 (lambobin launi na sojan saman Jamus), shuɗi mai haske RLM 65 a ƙasa. Kowane sai an rufe da tef kafin a shafa na gaba. Ka manna tef kan fentin da bai kwana ba, ka ɓare shi tare da fentin. Launi uku, kwana uku ke nan tun ba a zo kan tambari ba, wato alamomin da ake liƙa wa jirgin.

Ɗan Agadas: Ni ina ganin ba a fentin matsalar take ba, Malam. Faffar gora tun daga kwale-kwalen ƙafafun nan biyu da yake sauka kan ruwa da su take farawa. In an manna su da ido kawai, ɗaya zai leƙa hagu ɗaya dama. A zana layi biyu a jere kan kwali, a kafa su da Blu Tack, ɗanƙon nan mai ɓaruwa, sannan a ɗora jikin jirgin kan sandunan da ke haɗa shi da ƙafafun. A ɗiga gam ɗin roba Tamiya Extra Thin kaɗan, a tokare fikafikan da akwatin ashana tsayi ɗaya, a bar shi ya kwana. Gam ɗin narkar da roba yake yi, to kafin ya daskare sandunan laushi gare su. Kuma kafin a rufe ƙafafun a cusa 'yar dalmar kamun kifi ta gaba, in ba haka ba jirgin ya riƙa zama kan wutsiya.

Hajiyar Kanti: Ku duk kun ɗauka maganar lokaci ce. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, sana'arta ke nan, kuma ita ɗaci take nufi. Takan yanke bakin gora, ta ƙwaƙule 'ya'yan, ta zuba tsakuwa ta yi ta girgizawa, sannan ta cika ta da ruwa ta ajiye. Kullum a zubar a sake, har ruwan ya daina ɗaci. Wani bafatake ya taɓa zuwa da asuba zai bi ayari, ya nace sai ta fafe masa sabuwa nan take. Ta ce ga tsohuwa ka ɗauka, ya ce shi ba ya shan ruwa a gorar da wani ya sa wa baki. Ta fafe masa. Bayan sati biyu ya dawo yana faɗa, wai ruwan ya gagara shanyuwa, sai a gorar abokan tafiya ya yi ta sha har suka isa. Ta ce to ai ga shi ka sha a ta mutum goma. Har ta rasu in ta gan shi sai ta tambaye shi ko ɗacin ya fita.

Bazazzagi: Allah ya jiƙan Inna. To ai shi ne, Hajiya, aibin da ba ya fitowa sai an yi nisa.

Hajiyar Kanti: A'a ƙanena, ita cewa take laifin na girman kai ne, da ya karɓi tsohuwar da ya huta.

Mai Buroshi: Wato da ya ari jirgin wani ya yi wasan?

Na Bakin Kasuwa: Ko ya yi yadda manyanmu ke yi. Gobe baƙo zai zo daga Abuja, yau da dare a shafe gefen titi da farin fenti, a ɗauko kujeru daga wata makaranta a kai wata. Su kam gorarsu ranar tafiya ake fafe ta, kuma mu ke shan ɗacin.

Ɗan Agadas: Namu na nan ma rijiyar burtsatse ba ta tunawa da ruwa sai saura wata ɗaya zaɓe.

Na Bakin Kasuwa: Ban kama suna ba dai. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Malamin Lissafi: Ku dawo kan jirgi don Allah. Akwai ɗacin da ya yi daidai da na Inna: gilashin matuƙi. Aka manna shi da sufa gulu, a lokacin lafiya lau, da safe a tarar ya yi fari kamar hazo saboda tururin gam ɗin. Farin gam na kafinta ake sa masa. Haka tambari: in aka ɗora shi kan fenti marar sheƙi, iska na maƙalewa a ƙarƙashi ya yi ƙyalli kamar azurfa. Sai an fesa banish mai sheƙi, ya kwana, a sa tambari, sannan a rufe da marar sheƙi. Wannan na ƙarshen kada a fesa shi ranar da hadari ya haɗu, laima na sa shi fari.

Bazazzagi: Da hunturu kuma ƙura. A kife kwali a kansa da zarar an gama. In da gwangwani ake fesawa, tazarar santimita 20 zuwa 25. Ka yi nisa a zafin nan, fentin ya bushe a iska ya sauka kamar yashi.

Ɗan Agadas: Sai gindin da ake ɗora jirgin a kai. Sandar roba mai haske ta milimita 3, da ƙaramin maganaɗisu a cikin jirgi da wani a kan sandar. A gwada fuskokinsu kafin a sa gam, in an juya ɗaya turo juna za su yi. Mai son kwaikwayon ruwa da epoxy, gam mai daskarewa garau, ya zuba siriri-siriri, mai kauri zafi yake yi har ya lanƙwasa roba.

Malamin Lissafi: Amma fa ni ina tare da mai jirgin ta wani gefen. Da babu gara ba daɗi. A tebur daga nisan hannu ake kallo, wa zai ga zanen yatsa?

Hajiyar Kanti: Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, Malam.

Na Bakin Kasuwa: To wa ya ci wasan ma tukuna?

Mai Buroshi: Mai jirgin. Sai dai ƙafa ɗaya ta ɓalle a zagaye na biyu, da hannu ya riƙe ta har aka tashi.